Tayoyi Huɗu na Yaya Nomau

Shekarar da rijiyar tsakar garinmu ta rufta, tun ba a rufe iyakar Gaya ba, na je Kwatano na ɗauko yayana Nomau. Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A majalisa tambaya, a garkar albasa tambaya, har a makarantar manya inda nake koyon rubutu malaminmu yakan ajiye alli ya ce, "Asumana, wai da gaske ba a hango ƙarshen teku?" Na gaji da faɗi guntu-guntu, shi ya sa na zauna in rubuta shi gaba ɗaya. Hannuna ba shi da sauri, amma ba inda za ni.

Ƙauyenmu yana ƙasar Tajaye. Cikin 'ya'yan da Inna ta haifa mu biyu muka rayu, Nomau da ni. Ya tafi cin rani tun yana da ƙarfinsa, wata shekara da hatsi bai yi ba. Da farko yakan zo da damina ya yi noma ya koma. Zuwansa na ƙarshe wasu abokai suka yi masa ba'a a gaban mutane, wai ya daɗe bakin teku amma ko keke bai kawo ba. Da zai tafi ya gaya wa Inna ba zai sake shiga garin nan ba sai cikin motarsa. Muka ɗauka magana ce ta fushi. Ashe ya riƙe ta. Saƙo yana zuwa, murya tana zuwa ta waya, shi dai ba ya zuwa. Yaran da aka haifa bayan tafiyarsa har sun yi aure.

Ana cikin shirin shuka wani mutumin unguwar Zango ta Kwatano ya kira ni, ya ce Nomau ya faɗi wurin aiki, ɓarin jikinsa na dama ya mutu. Na je na gaya wa Inna. A lokacin idonta ya riga ya tafi, haske da duhu kawai take rabewa, kuma ta hana a gaya masa. Da ta ji, ta ce, "Tahi ka ɗauko mini shi. In ba ka zo da shi ba, kada ka ce mini komi, ka wuce ɗakinka, ni gane."

Ni ban taɓa wuce Ƙwanni ba, sai na nemi Sha'aibu. Ɗan gwaggonmu ne, taubashinmu, direba da ya tsufa a hanyar Ƙwanni zuwa Tawa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Dole in bi ka. In ka tahi kai ɗai, saida ka za su yi su sai doya, kuma ba su samun ta kirki."

Inna ta sa aka kirɓa dawon fura, ta cura shi da hannunta, ta ƙulle a ƙyalle ta ce na Nomau ne. Muka shiga babbar mota a Ƙwanni. Ni na zauna jikin taga don in gwada karatuna da allunan bakin hanya, amma kafin in haɗa baƙi biyu allon ya wuce. Sha'aibu ya ce da direban ya rage gudu, akwai malami a mota yana bitar darasi. Duk motar aka yi dariya, har da ni. Kafin mu kai Gaya zafi ya sa dawon ya fara tsami. Muka duba muka ga ba zai kai ba, muka sayi nono wurin wata Bafulatana muka dama muka sha. Ban ji daɗinsa ba ko kaɗan.

A gadar iyaka ta Gaya aka sauke mu muka taka da ƙafa. Na tsaya tsakiya ina kallon ruwa, don ban taɓa ganin kogi mai faɗin haka ba, sai iska ta ɗauke hulata ta jefa ciki. Haka na shiga ƙasar mutane kai ba hula, jami'in da ke duba takardu yana duban hotona mai hula yana duban sanƙona.

Daga nan ƙasa ta yi ta canjawa. Gero ya ƙare, doya da rogo suka karɓa. Mata na tuƙa babur da kwando a kai da goyo a baya, ba mai ko waiwayarsu. Man fetur a manyan kwalabe ake sayar da shi bakin hanya. A wani gari muka iske an tare rabin titi da rumfuna, ana kiɗa, kowa da atamfa iri ɗaya, ana ci ana sha. Na ce biki ne. Wani da ke kusa da ni ya ce jana'iza ce, mamacin ya yi makonni cikin sanyi ana jiran dangi su taru. Na yi mamaki ƙwarai. Mu da za a rasu da hantsi, kafin azahar an dawo daga maƙabarta, wanda ke nesa sai dai ya zo gaisuwa. Na daɗe ina juya abin a raina. Ban ce nasu ya fi ba, amma su suna jiran na nesa.

Kwatano kuwa babura ne kamar fara, masu haya duk da riguna rawaya. Teku na gan shi sau ɗaya, daga bayan babur, ina riƙe da rigar mai tuƙi da hannu biyu. Ban hango ƙarshensa ba, malam, ga amsarka.

Nomau yana haya a wani gida bayan Zango. Mai gidan wata dattijuwa ce Kirista da ake kira Mama Afi. Ita ta riƙa ba shi koko da cokali tun da ya faɗi, ita ke biyan wanda ke yi masa wanka. Hausarta duk a bakinsa ta koya, don haka da harshen Tajaye ta tare ni. Ta riƙe kunnena kamar yaro ta ce, "Kai na ƙanen? Ina kuke tun tuni? Mutum guda, ba mata, ba ɗiya, sai taya!" Ban gane abin da take nufi da taya ba sai da na shiga ɗakin.

Yana zaune bisa tabarma ya jingina da bango. Bakinsa ya ɗan karkace, hannun dama yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Ya dube ni ya daɗe, ya ce a hankali, "Asumana, ka yi hurhura." Na durƙusa na kama hannun mai lafiya. Sha'aibu da ba ya rasa magana ya tsaya bakin ƙofa yana gyaran murya.

Ɗakin ba komai sai tabarma, buta, akwatin ƙarfe, da wani tuli a kusurwa an rufe da zane. Nomau ya ce in yaye. Tayoyi ne huɗu, sababbi, baƙaƙe wuluk suna ƙyalli, masu faɗi, gefensu siriri, ba irin waɗanda muka saba gani ba. Aikinsa gadi ne a filin da ake sayar da motocin da jirgi ke saukewa. A nan ya sami wata mota ta Turai mai ƙasa-ƙasa, ya biya a hankali har ta zama tasa. Tana tsakar gidan bisa bulo, kowace Juma'a in ya dawo masallaci sai ya tada ta ta yi ɗumi ya kashe. Tayoyin da ta zo da su sun suɗe, shi kuma ya ce ba zai sa mata na araha ba. Ya riƙa sayen masu tsada ɗaya-ɗaya, kowace sai ya yi shekaru yana tari. Kuɗin guda ya isa a sayi huɗu na araha. Yana shafa musu mai don kada su dushe.

"Wagga ta sama bara na sayo ta," in ji shi. "Wagga shekarar da anka yi ambaliya. Wagga tun ina tsohon wurin aiki. Ta ƙasan ita ta hwari, shekarar da Baba..." Sai ya tsaya. Shekarar da Baba ya rasu bai zo ba, ya ce babu hali. Ya dubi tayar, ya dubi ƙasa. Na mai da zanen na rufe, na tambaye shi ko yana son ruwa.

Sha'aibu ya fitar da su waje ɗaya-ɗaya. Ya danna farcensa a ta bara, ya shiga. Ya danna a ta farko, kamar ya danna tukunya. Ya kira ni ya nuna mini tsakanin zanen, wasu ƙananan tsage kamar faso a diddige.

"Nomau, biyu daga cikin matanka sun tsuhwa a ɗaka," in ji shi.

"Ko ƙasa ba su taɓa takawa ba."

"Ai shi na. Kwanon ɗakinka ya gasa su, man da kake shahwa musu ya ƙarasa su."

"Kai mi ka sani? Kai da ka ƙare rayuwarka bisa taya mai faci tara. Waɗanga su Turawa ka sa ma motocin gudu."

"To, Bature. Allah Shi kai mu."

Aka ɗaura su. Sha'aibu ya sa tsofaffin biyu a baya, ya zaɓi mai dama-dama cikin suɗaɗɗun da motar ta zo da su ya jefa a but ɗin baya don ajiya. Ranar tafiya Mama Afi ta cika mana mota da garin rogo da soyayyen kifi, ta ba ni wata hula ta mijinta marigayi wadda ta yi mini yawa. Ta dafa kan Nomau ta yi masa addu'a irin tasu, shi kuma ya ce amin. Ta bi motar har bakin titi tana share ido da gefen zane.

Gaskiya ita ce, ban taɓa shiga mota mai daɗin wannan ba. Ba ƙara, ba girgiza, in Sha'aibu ya sha kwana sai ka ji kamar an manna ta da titi. Shi kansa sai murmushi yake. Nomau yana gaba kusa da shi, na sa masa matashi a ɓarin da ya mutu. Ya ce, "Direban Ƙwanni, ƙaƙa ka ji?" Sha'aibu ya ce, "Ban ji komi ba, abin da ad dame ni ke nan." Nomau ya yi dariya har miyau ya zubo masa, na miƙa hannu daga baya na goge.

Rana ta take, mun wuce Dasa inda mata ke sayar da garin rogo cikin leda, sai muka ji kamar an harba bindiga ƙarƙashina. Motar ta yi hagu ta yi dama. Sha'aibu bai taka birki ba, ya riƙe ta yana salati har ta tsaya cikin ciyawa, madubin gefe ya daki wani reshe ya karye. Muka fita. Ta farkon ce. Fatar ta ɓare ta nannaɗe, wayoyi sun fito tsirara, zanenta kuwa ko alamar ci babu. Mutanen wani ƙauye suka zo suka taya mu ɗaga mota. Ba mai jin maganar wani, amma da za su tafi kowa ya ɗan rusuna wa Nomau, don su haka suke yi wa mai furfura ko ba su san shi ba. Ya ce a sa masa matacciyar a kujerar baya. Haka na yi sauran tafiyar ranar ina rungume da ita, tana warin ƙuna.

Muka lallaɓa da ta ajiya har Paraku. Muka sauka gidan wani mutumin Madawa mai sayar da albasa, wanda ya ba mu zaurensa da tabarmi ya ƙi karɓar komai. Da safe muka je wurin wani Alhaji mai sayar da taya, Bazabarme ne amma yana jin Hausa. Ya zagaya motar, ya durƙusa wurin tsohuwar mai tsada ta biyun, ya tura ɗan makulli cikin wata tsaga. Ya ce wannan ba za ta kai Kandi ba. Ya shiga shago ya mirgino biyu na araha sababbi, masu warin roba, ɗaya madadinta, ɗaya madadin ta ajiya.

Na tambaye shi tsakani da Allah wacce ta fi. Ya ce, "In duka sabbi ne, mai tsada ta fi, ba gardama. Tana riƙe hanya in an yi ruwa, tana jure zafi, birki yana kama ta da wuri. Ta araha za ta cinye ka sa wata, ita tana nan. Amma irin wannan mai siririn gefe don titi mai santsi aka yi ta, rami ɗaya yana iya kashe ta, kuma in ta mutu kuɗi mai yawa ya mutu. Sannan roba tana tsufa ko tana tafiya ko tana kwance. Da mai tsada da ta shekara goma a ɗaki, gara ta araha da aka yi bana."

Nomau yana zaune a benci yana ji. Ya ce, "Ku maida ni Kwatano."

Sha'aibu ya ɗauka wasa ne, ya ce, "In maida ka wurin Mama Afi? Ashe da magana."

"Ba wasa nike ba. In na samu sauƙi in sake tarawa. Ba ni shiga Tajaye bisa wagga shara, gurgu kuma, a ce abin da ya kwaso ke nan."

Sha'aibu ya fusata ya fara faɗa, na ja shi gefe na ce ya je ya sha shayi. Na sayo sakwara da miya wurin wata mata. Tun da hannunsa ya mutu Nomau ba ya yarda ya ci abinci gaban mutane, don ba ya son a gan shi yana ci da hagu. Na kama shi muka zagaya bayan shagon, inda aka tara tsofaffin tayoyi, muka zauna a inuwa. Na riƙa gutsura ina ba shi a baki. Sakwara ba a tauna ta, haɗiyewa ake yi, ni kuwa sai taunawa nake tana manne mini a dasashi. Ya ce, "Haɗiye, baƙauye." Na haɗiye. Kwanon ya kusa ƙarewa. Ina tunanin abin da Inna ta hana, ina tunanin yadda zan wuce ɗakina ban ce mata komai ba.

Na ce, "Yaya, Inna ba ta gani."

Ya tsaya da loma a baki.

"Haske da duhu kawai. Ita ta hana a hwaɗa maka, wai kada hankalinka shi tashi."

"Tun yaushe?"

"An jima. In ka kira, ni ka sa mata wayar a kunne."

Wata akuya ta zo ta sa baki a kwanon, ba wanda ya kore ta. Can ya ce, "Ta rame?" Na ce ta rame, amma tana zama bakin ƙofa da hantsi. Ya share fuskarsa da hannun hagu. Ya ce, "A ɗaure matattun bisa mota. Ba ni barin su nan. Kuma na araha baya za su zamna, nawa su shiga gari da hwari." Da na gaya wa Alhaji ya ce ai dama a baya zai sa su. Sha'aibu ya dawo ya iske ana ɗaurawa, ya dube ni, na girgiza masa kai, ya kama bakinsa. Wannan ne karo na farko da na ga ya yi haka tun muna yara.

Da na arahar muka gane bambanci. Motar ta fara gunji daga baya kamar ana niƙa. Kusa da Kandi hadari ya haɗu, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. A wata kwana gaban motar ya bi hanya, bayanta ya ce shi ba haka ba, muka juya har muna kallon inda muka fito. Allah Ya sa ba mota a kusa. Sha'aibu ya ɗora goshi bisa sitiyari yana mai da numfashi. Nomau ya ce, "Waɗanne sunka riƙe?" Sha'aibu ya ce, "Naka, Bature. Naka sunka riƙe. Ka ji daɗi?" Ya ce, "Na ji." Daga nan tafiyar kura muka yi har ruwan ya ɗauke. Kafin Malanbil kuma ɗaya daga na arahar ta kwashi ƙusa, muka tsaya aka yi mata faci.

A Gaya motar ta kwana biyu wurin duwan, wato kwastan, ana gyara takardunta, daga wannan buro zuwa wancan ofis. Sha'aibu ke yawon, ni ina zaune da Nomau ƙarƙashin wata bishiyar bedi muna cin kifi da ƙuli. Wani jandarma ya zo ya ga tayoyi biyu bisa mota, ɗaya a fashe, ɗaya sabuwa fil, ya tambaya ko na sayarwa ne. Nomau ya ce a'a, gida zai kai su. Jandarman ya dubi hannunsa, ya dubi tayoyin, ya ce, "Baba, Allah Ya ƙara sauƙi," ya tafi. Bayan ɗan lokaci ya aiko mana da ruwan sanyi.

Tun daga Doso Nomau sai kallo yake ta taga. Ya ga an fara shuka, ya ga rumbuna, ya ga jakuna. A Dogon Dutsi ya ce a tsaya a saya masa fura. Ya karɓi ludayin da hannun hagu, a gaban kowa, ya sha har ya ɗaga ƙwaryar. Ya ce da mai furar gero ya yi kaɗan. Ta ce, "Baƙo da tsegumi!" Ya ce, "Ni ba baƙo ba na."

Saura kaɗan mu shiga Ƙwanni, wata babbar mota ta matse mu, Sha'aibu ya kauce ya faɗa rami da ƙafar gaba ta dama, ɓarin da Nomau ke zaune. Da muka duba, gefen tayar ya kumbura kamar ƙwan zabo. Ita ce ta shekarar ambaliya, lafiyarta lau, ramin ne ya fi ƙarfin siririn gefenta. Na ji tsoron abin da Nomau zai ce. Ya leƙo ta taga ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Sa wata." A Ƙwanni muka sami ta araha aka ɗaura, aka ƙara ta ukun bisa mota. Ya ce a kai shi wurin wanzami, a kuma wanke motar. Aka yi masa aski, na sa masa farar rigar da ke cikin akwatinsa, wadda ita ma ta daɗe tana jira har ninkin ya yi ja. Ya so a juyo da mai tsadar da ta rage zuwa ɓarinsa, Sha'aibu ya ce rana tana tafiya, kuma akwai yashi a gaba.

Muka bi ta Tsarnawa muka yi arewa, kafin Badaguishiri muka bar gudro, wato titin kwalta. Motar ƙasa-ƙasa ce, cikinta yana ta shafar yashi, sau biyu tana kafewa masu amalanke suna tura mu. Da la'asar muka shiga gari. Mutane suka fito, aka kewaye mu, ana ta "Nomau na! Nomau na!" Cikin waɗanda suka yi masa ba'a a da, biyu sun rasu, ɗaya yana nan ya tsufa, shi ya fara kama ƙofar yana kuka. Ban ga wanda ya dubi ƙafafun motar ba.

Fitar da shi sai an ɗauke shi, shi kuma ya ce a dakata. Sai ga matata ta riƙo Inna. Aka buɗe ƙofar. Inna ta miƙa hannu ta sami kafaɗarsa, ta hau zuwa wuya, zuwa kunne, ta shafa bakin da ya karkace ta tsaya a nan.

"Nomau."

"Inna."

"Ka ci abinci?"

"Na sha hura a Dogon Dutsi."

"Ta kasuwa," in ji ta. "Ba ta da gero."

Ya riƙe hannunta ya sa a goshinsa, kafaɗunsa suna rawa. Mutane suka ja baya kaɗan. Da ya natsu ya ce, "Inna, cikin motata na zo." Ta ce, "To, nuna mini ita." Ta saki hannunsa ta fara lalube. Ta shafa ƙofa, ta shafa gilashi, ta bi ƙarfen tana sunkuyawa har hannunta ya sauka kan tayar da ke kusa da ita, wadda muka saya a Ƙwanni ɗazu. Ta shafa zanenta da yatsu, ta ɗan bubbuga ta.

"Wagga ta kawo ka?"

Na ga bakin Nomau ya buɗe. Mai tsadar tana can ɗaya ɓarin, taku kaɗan ne. Ya dubi Sha'aibu, Sha'aibu ya dubi sama.

"Ita ta, Inna," in ji shi.

"Allah Shi yi mata albarka," in ji Inna. "Ku shigo da shi, ƙasa ta yi sanyi."

Masu tambayata wace taya za su saya, ga abin da na gani da idona. Sha'aibu ke jan motar yanzu ranakun kasuwa. Kafin damina ta zagayo, na Paraku biyu sun yi sanƙo, ɗaya ta fashe an yar, ɗaya tana ta shan faci. Ta Ƙwanni ma ta kama hanyarsu. Mai tsadar nan ta bara har yau zanenta yana kama farce, ko iska ba a cika ƙara mata ba. In kana da hali, kuma titi kake bi, sayi mai tsada ka ɗaura ta ranar da ka saye ta. In hanyarka irin tamu ce, ta araha ba abin kunya ba ce, sai dai ka rage gudu in an yi ruwa. Ukun da muka kawo bisa mota, Nomau ya sa an yanka ɗaya an yi wa tumaki komin ruwa. Biyu suna ƙofar gida, a kansu yake zama da hantsi, shi ɗaya Inna ɗaya, tana ba shi labarin wanda ya mutu da wanda ya haihu, yana cewa a'a, wane ma?

Abin da tafiyar ta ci shi ne: tayoyi uku masu tsada, faci ɗaya a jikin ta araha, madubin gefe, hulata da ta bi kogi, da dawon da Inna ta cura wanda bai kai ga mai shi ba. Mun tafi mu biyu, mun dawo mu uku, mun kuma iske Inna da ranta.